Amsoshin Wasiƙunku: In Gwamnati Ta Janye Hannu Daga Gandun Daji, Hannun Wa Zai Shiga?

Yau wasiƙu uku muka ware, dukkansu daga ƙasar Ɗambatta, kuma duk da masu su ba su haɗa baki ba, kan magana ɗaya suka faɗa.

Ta farko daga wani dattijo ce, manomi, wanda ya ce ɗansa ya sa ya rubuta masa. Ya ce ya taɓa ji a rediyon ƙasar waje wai har a Amurka gwamnati ta yi niyyar rufe gandayen daji da wuraren shaƙatawa saboda rashin kuɗi. Yana tambaya ko gaskiya ne, kuma ko abin da ya sami Bagauda da Tiga da Falgore ke nan. Sa'an nan ya kawo tambayar da ta fi ci masa rai: tun da gwamnati ta ce ba ta da kuɗin tsare daji, me zai hana a yanka shi a raba wa talakawa su noma, ga shi a wajensu gona ta yi kaɗan, gado ya tsattsaga ta har ta zama kamar tabarma?

To Baba, mun gode da wasiƙa. Maganar Amurka gaskiya ce, ba ji-ta-ji-ta ba ce. A watan Mayu na 2011 gwamnatin jihar Kalifoniya ta ba da sanarwar za ta rufe wuraren shaƙatawa 70 daga cikin 278 da take da su, don ta rage kashe Dala miliyan 22. Jama'a suka yi ca, ƙungiyoyin sa-kai da ƙananan hukumomi da masu hannu da shuni suka riƙa ɗaukar nauyin wuraren ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka, a 2012, sai aka gano kimanin Dala miliyan 54 kwance a asusun ma'aikatar ba a bayyana su ba. Shugabar ma'aikatar ta ajiye aiki, aka dakatar da batun rufewar. Ka ji yadda ta ƙare a can.

Amma Baba, rufewar can da ta nan ba iri ɗaya ba ce. Su in sun ce za su rufe, kwaɗo za su sa a ƙofa, su kafa allo, kowa ya san ranar. Mu a nan ba a yi wa daji sanarwa. Ba wanda zai fito ya ce daga gobe an rufe Falgore. Abin da ke faruwa shi ne a janye mai gadi a bar ƙofa a hangame, mai zuwa yawon buɗe ido ya daina zuwa, mai gatari da mai bindiga su shiga. A takarda gandun yana nan daram. A ƙasa kuwa sai wanda ya je ya gani.

Bari mu ɗan warware yadda kuɗin ke yankewa, don mutane da dama suna jin kalmar kasafin kuɗi a rediyo ba tare da an taɓa buɗe musu cikinta ba. Kasafin kuɗin jiha kashi biyu ne. Akwai na manyan ayyuka, wato gina hanya da asibiti da madatsar ruwa. Akwai kuma na yau da kullum, wanda shi ma ya rabu: albashi a gefe guda, kuɗin gudanar da ofis a ɗaya gefen. In aljihu ya tsuke, gwamna ba ya son taɓa albashi, don ma'aikata za su tafi yajin aiki. Ba ya son barin manyan ayyuka duka, don su ake nunawa ranar zaɓe. To sai wuƙa ta faɗa kan kuɗin gudanarwa. A ma'aikatar gandun daji kuwa, kuɗin gudanarwan nan shi ne aikin gaba ɗaya: man motar sintiri, taya, takalmin mai gadi da fitilarsa, ruwan ban-ruwan gidan renon itatuwa, share layin kashe gobara kafin hunturu. Sai ka ga ma'aikaci yana karɓar albashinsa ƙarshen wata, amma ba shi da abin hawan da zai kai shi bakin aiki. Daga nan sai a sa takunkumin ɗaukar sababbin ma'aikata. Wanda ya yi ritaya ko ya rasu ba a maye gurbinsa. Shekara goma, sha biyar, sai a wayi gari dajin da mutum talatin ke tsarewa ya koma hannun tsofaffi biyar.

Daɗin daɗawa, abin da majalisa ta amince da shi a takarda daban, abin da baitulmali ya saki daban. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wuraren da Baba ya ambata, yawancinsu aikin marigayi Audu Bako ne, gwamnan farko na jihar Kano, daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka yi madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da masaukin baƙi a bakin kowaccensu, da gidan namun daji na cikin birni. Lokacin kuɗi na shigowa. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sai kuma shirin SAP na Janar Babangida a 1986 ya ƙara ɗaure igiyar, darajar Naira ta zube. Gine-ginen da aka yi a shekarun yalwa ba a tanadar musu kuɗin gyara na shekarun tsanani ba. Otal ɗin kan dutse na Tiga ya yi shekaru a yashe. Na Bagauda kuwa daga baya aka mayar da shi reshen Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Nijeriya. Gara hakan da a bar wa jemagu, amma dai wurin ya fita daga hannun mai iyalin da ke son kai yaransa su ga ruwa ranar Salla.

Wasiƙa ta biyu ta wani Alhaji ce mai fataucin shanu a kasuwar Ɗambatta ta ranar Lahadi. Shi ba ruwansa da yawon shaƙatawa. Ya ce shekarun baya in motarsa za ta bi hanyar Jos, ba ya samun barci sai direba ya buga waya ya ce sun wuce Falgore. Yana tambaya, dajin da ya zama maɓoyar ɓarayi, amfanin me yake yi wa jama'a?

Alhaji, tambayarka da ta Baba amsarsu ɗaya, don haka za mu haɗa su. Dajin Falgore yana kimanin kilomita 150 kudu da birnin Kano, ya ratsa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin En'e, a shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka ɗaga shi zuwa gandun namun daji. Sunan nan na farko shi ne sirrin maganar. Ba don Turawa su ɗauki hoton gwanki kaɗai aka killace wurin ba. Kogin Kano ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a Tiga. Ruwan Tiga shi ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga kogin kuma ake jan wani kaso na ruwan famfon birni. Itatuwa da ciyawar dajin su ke riƙe ƙasa lokacin da ruwan sama ya sauko da ƙarfi. In aka sassabe su aka yi kunya, ƙasar nan ba ɓacewa za ta yi ba, rafi zai kwashe ta ya kai ta cikin madatsa ya ajiye. Madatsa ta cika da yashi, ruwan da take ɗauka ya ragu. Mai tumatir a Kadawa bai taɓa ganin Falgore ba, amma rabin arzikinsa a can yake kwance.

Mutanen Ɗambatta ba sai an kai ku nesa ba, ga madatsar Tomas a ƙofar gidanku. Masunta da masu noman rani a wurin sun fi mu sanin abin da yashi ke yi wa ruwa in aka aske bakin rafi.

Batun ɓarayi kuwa, Alhaji, ka yi gaskiya, an sha wuya a wannan hanya, musamman wajen 2015 da satar shanu ta yi ƙamari, har daga baya sojoji suka kafa wurin horo a cikin dajin. Sai dai a duba wanne ya riga wanne. Ba itatuwa ne suka kira ɓarawo ba, rashin mai tsaro ne. Dajin Sambisa da duniya ta san shi da Boko Haram, gandun namun daji ne a da, da masu gadinsa da masaukin baƙinsa. Aka yi sakaci da shi, waɗanda suka fi ƙarfin mai gadi suka gaje wurin. Dubi Rugu a Katsina, dubi Kamuku da Kuyambana a yankin Birnin Gwari da Zamfara. Kuɗin man sintirin da aka ga kamar an yi tsimi da aka hana, an biya ninkinsa ba adadi a sayen makamai da kuɗin fansa, ban da rayuka waɗanda ba su da farashi.

Yanzu maganar rabawa. Baba, a ra'ayinmu ba mafita ba ce, kuma ba don muna raina ƙuncin da kuke ciki ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. In aka cire wani daji daga jerin gandaye, takardar mallaka a ofis ake neman ta, a birni, da kuɗin safiyo da kuɗin fayil. Tsakaninka da mai babbar riga, wa kake jin zai riga kai wa teburin? Kai da ke neman kadada ɗaya za ka tarar an riga an zana ɗari biyar da jan alƙalami. Wanda zai yi asara nan take shi ne matar da ke tsintar itace, da mai neman ganyen magani, da mai saƙa amya, da Bafulatanin da ke sauke dabbobinsa da damina don ya kauce wa gonarka. In aka toshe masa can, ina kake jin zai dosa? Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tun 1965 aka yi ta, don a raba wannan faɗan tun kafin ya taso. Duk inda aka cinye burtali da mashaya, kun ga abin da ya biyo baya.

Wani zai ce to a miƙa wa gwamnatin tarayya mana, ita ce mai kuɗi. An kama wannan hanyar. A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen ƙasa goma a kan bakwai da ake da su, cikinsu har da Falgore, da fadamar Baturiya ta ƙasar Haɗeja, da dajin Kogo a Katsina. Abin so ne. Amma canja sunan mai gida ba ya sayen man mota. Yankari ta Bauchi ta ga duka biyun: an buɗe ta ga baƙi a 1962, tarayya ta karɓe ta a 1991, aka mayar wa jiha a 2006. A kowane hannu take, abin da ke hana mafarauta kashe giwa shi ne mai gadi ya shiga daji da guzurinsa, ya kwana, a biya shi alawus ɗinsa a kan kari.

Amma mu bar nesa mu dawo gida, don ku ma a Ɗambatta kuna da naku gandun, ko da ba a kiransa wurin shaƙatawa. Muna nufin jerin itatuwan kare iska da aka dasa a arewacin jihar bayan farin 1973, aka kuma ƙara a shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya ƙarƙashin shirin dashen itatuwa na jihar Kano. Duk mai bin hanyar Kazaure ya san layukan nan na turare da darbejiya. An yi su ne don su karya ƙarfin iskar da ke binne shuka da rairayi a farkon damina, da busasshiyar iskar da ke ƙona gero yana cikin fitar da kai. Sun yi aiki. Gonakin da aka gudu aka bari an dawo an noma su.

Sai dai akwai inda aka yi kuskure, kuma masu binciken da suka yi aiki a Yambawa sun tabbatar da abin da manoma suka daɗe suna faɗa: saiwar turare tana kutsawa cikin gonar da ke maƙwabtaka da ita ta shanye danshi, inuwarsa kuma ta danne kunyoyin da ke kusa. Maganin ba wuya gare shi ba. A haƙa ɗan rami a tsaye tsakanin layin itatuwa da gona a datse saiwoyin, a kuma rage rassa. Sun gwada, amfanin gero ya ƙaru. To amma itacen na gwamnati ne, manomi ba shi da izinin taɓa shi, ba shi da rabo a cikinsa. Ƙasarsa aka ɗiba aka dasa, hatsinsa ke raguwa, in ya sari reshe a kai shi gaban hukuma. Da kuɗin shirin ya ƙare, masu gadi suka ragu, me kuke tsammani mutumin nan zai yi da daddare? Ba ma goyon bayan sara, haramun ne a doka ko da mai gadi ko babu, kuma wanda aka kama shi kaɗai zai sha. Muna dai cewa itacen da ba a ba maƙwabcinsa rabo ba, ranar da albashin mai gadi ya tsaya ranar ya zama maraya.

Ku kwatanta da itatuwan cikin gonakinku. Ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, gawo. Wa ke gadinsu? Ba kowa, kuma ba mai taɓa su, don kowacce an san mai ita, har a rabon gado ana lissafa ta. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana nazarin ƙauyukan kewayen Kano. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa duk da cunkoson jama'a, manomin Kano bai ƙarar da itatuwan gonarsa ba, reno yake yi musu. Dajin da ba shi da takamaiman mai shi, shi ne motocin itacen girki ke kwashewa zuwa birni.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗauki wannan darasi da gaske. A jihohin Maraɗi da Damagaram, tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a bari, a sassabe sauran. Ba gidan reno, ba ban-ruwa, ba kuɗin gwamnati. Abin da hukuma ta yi shi ne ta sassauta, manomi ya samu tabbacin itacen da ya rena nasa ne. An ƙiyasta cewa ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai kadada miliyan 5. A dajin Baban Rafi kuma, kudu da Maraɗi, an gwada ba ƙauyuka ikon sayar da itace bisa ƙa'ida, ana ware wani kaso na kuɗin don kula da dajin. Ba a rasa rigingimu ba, ina aka taɓa raba kuɗi ba rigima? Amma wanda ke cin abinci daga daji ya fi kowa saurin ganin baƙon gatari.

Wasiƙa ta uku gajera ce. Wata Hajiya mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ce kowace Salla takan tara jikokinta ta kai su gidan zu na Kano, kuma ta ji ana cewa za a tashe shi. Hajiya, a 2020 gwamnatin wancan lokaci ta yi maganar mayar da shi Tiga, bisa dalilin cewa gari ya kewaye shi. Abin da za mu ƙara miki shi ne, gidan nan ba mabaraci ba ne. Kin tuna 2019, da labari ya bazu wai gwaggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6 da dubu 800, har gwamna ya fito ya ce babu ma irin wannan birin a gidan? Jama'a sun yi ta dariya, amma ku lura da lissafin: kuɗin ƙofa ne na 'yan kwanakin Salla kawai, daga aljihun irinku. Ashe talaka yana son wurin, yana kuma biya. Tambayar da ta kamata ita ce nawa ne daga kuɗin ƙofa ke komawa cikin tumbin zaki da gyaran kejinsa.

To me za ku iya yi daga inda kuke? Ga abin da muka ce ku riƙe ɗazu. Kasafin kuɗin jiha ba asiri ba ne, ana buga shi, majalisar dokoki kuma takan yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta amince da shi. Kuna da ɗan majalisa mai wakiltar Ɗambatta. In ya zo gaisuwar Salla ko ta'aziyya, kada ku tsaya kan nawa aka rubuta wa gandun daji bana, don rubutu ba ya wuya. Ku tambaye shi nawa aka saki bara, kuma masu gadi nawa aka ɗauka. Haka nan akwai kuɗin shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda aka kafa wa hukuma ta ƙasa a 2015 kuma Kano na cikin jihohinsa 11, da shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa Dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa. Wannan na biyun rance ne, da ku da jikokinku za ku biya, kuma kamar na shekarun 1980 yana da ranar ƙarewa. Duk wanda ya zo ƙauyenku da motar shiri zai dasa itace, ku tambaye shi tun a zaman farko: in kun tafi, na wa ne?

Masu gonaki a jikin layukan turare kuma, kada kowa ya je shi kaɗai. Ku haɗu ku yi ƙungiya, ku bi ta wajen mai unguwa da dagaci zuwa ga hakimi, a kira malamin daji na yanki a zauna. Ku nemi izinin datse saiwa da rage rassa, ku nemi a ba ku kaso a cikin itacen da aka rage, ku kuma ku ɗauki alkawarin tsaro da share layin gobara kafin iskar hunturu ta taso. A rubuta, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a wurin dagaci, don malamin daji ana yi masa canjin wurin aiki, wanda zai gaje shi kuma takarda kawai ya sani. Baba, kai kuma in wani ya zo maka da 'yar takarda ya ce an yanka gandu ana sayar da fili da araha, kada ka ba da ko kwabo sai ka je ofishin gandun daji da ƙafarka ka tambaya.

Akwai wasiƙar wani matashi daga Makoɗa kan tsadar takin zamani da ta iso mana a makare, ita za mu fara buɗewa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.